Ga Wanda Zai Gaji Ɗakina a Mabera

Kai da za ka gaji ɗakin nan,
ban san sunanka ba, ban san garinku ba.
Na bar maka ƙusa uku a bango,
da tsintsiyar da ba ta gama cinyewa ba,
da wannan takarda a ƙarƙashin randa.
Karanta ta tun cikinka bai fara kuka ba.

Daren da na sauka Sakkwato
ruwan leda na sha, na kwanta da biskit,
alhali tuwo na nan
bayan bangon da na jingina da shi.
Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

In ka fita bi hagu, wuce mai faci,
za ka ga rumfa ba allo ba suna,
sai benci biyu da hayaƙi.
Nan ne wurin Inno Tumba.
Tuwon dawa, miyar sure, man shanu cokali guda.
Je kafin la'asar, bayan nan sai ƙanzo.
In ta daka maka "Mi kaka so?"
ba faɗa ba ne, haka harshen ya tashi.
Wata uku ina zaton ta tsane ni,
ashe ita ke ɓoye mini tsoka
a ƙarƙashin malmala.

Ranar albashi kada ka yi wa cikinka rowa.
Hau kabu-kabu zuwa Kwalkwalawa,
ci kifin da jiya yake iyo a Rima,
ka dawo leɓe na raɗaɗin yaji.
Akwai masu ƙofar gilashi wajen Gawon Nama,
farin faranti, cokali a naɗe cikin takarda.
Na je sau biyu.
Sanyin ɗakin na biya, shinkafar kyauta ce.

Famfo na zuwa Talata, in ya ga dama.
In bai gani ba, akwai Nomau mai kura,
lambarsa na bayan ƙofa, da gawayi.
Wuta kuwa, kada ka tambaye ni wuta.
In zafi ya kama har bango na huci,
yayyafa wa tsakar gida ruwa, fitar da katifa,
jiƙa zane ka rufa,
ka sha hura. Nan ba a cewa fura.

Kemis ɗin Jabbi ba ya rufewa sai sha biyu,
in ciwo ya fi ƙarfinsa ba ya ɓoyewa,
shi da kansa zai tare maka abin hawa zuwa asibiti.
Modi mai aski hannunsa lafiya lau,
bakin ne ba birki:
abin da ka faɗa da hantsi
kafin azahar ya isa Runjin Sambo.
Mai wanki ya ɓatar mini da riga guda.
Na yafe. Amma ƙirga kayanka.

Tsohon da ke zama ƙarƙashin dogon yaro,
Baba Ladan, ba ya jin gaisuwar nesa.
Matsa kusa, ka rage tsawo.
Ya san gidan kowa, ya san wa ke gyaran fanka,
abin da ba shi da shi, abokin hira.

Saura abu guda.
Arzika mai shayi, bakin masallaci,
yana ba da bashi, yana kuma da littafi,
littafin ba ya mantuwa.
Sunana na ciki: naira ɗari bakwai.
Ga su nan na naɗe cikin takardar nan.
Da gangan ban kai masa ba.
Kai ka kai, ka ce daga mai ɗakin ƙarshe.
Zai dube ka, ya goge maka benci,
ya tambayi sunanka,
gobe kuma ba sai ka faɗi yawan sukarinka ba.

Ni motar asuba zan bi
zuwa garin da ban san kowa ba.
Ina isa, kafin in kwance kaya,
randa zan fara ɗagawa.