Gurbin da Babu a Rajista

Ran Alhamis, Kasuwar Dole na ci,
Baba Girema ya sauko daga motar Gidimuni
da doguwar aba a naɗe cikin buhun gero.
Ya kwantar da ita bisa teburina
yadda ake kwantar da majinyaci.

Ni aikina lamba ne.
An ba ni biro, an ba ni rajista mai gurbi huɗu:
iri, shekara, lamba, mai ita.

Na jiƙa tsumma da kalanzir na goga.
Tsatsa ta ja da baya, ƙarfe ya soma magana:
harafi ɗaya cikin da'ira, bai fi ƙwayar riɗi ba,
sunan wani gari na Faransi
da harshena ya yi tuntuɓe a kansa,
sai alif ɗari tara da sha shida.
Gaban kunama lambobi biyar,
na tsakiya ya suɗe,
ko takwas ne, ko uku, Allah masani.
Lambar sakata ba ta san ta bututu ba,
gawa biyu aka haɗa aka ta da ɗaya.

A gindin katako an buga wata ƙugiya.
Na ce, Baba, tambarin sojan jirgin ruwa ne.
Ya yi dariya har da tari:
"Jirgin ruwa a Damagaram,
inda muke sayen ruwa garwa-garwa?"

Ya janye ta gabansa.
"Ka karanta na Nasara, yaro. Kawo yatsanka.
Wannan ramin, kuncin ubana ne ya ci shi,
shekara talatin yana jingina.
Tsagar nan uku, ba mutane ba ne, kar ka zaro ido,
kuraye ne, a shekarar da suka gama mana awaki.
Ta huɗun da aka fara ba a ƙarasa ba,
ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.
Wayar tagullan nan ɗaurin Zabairu maƙeri ne na Birni,
ranar da raƙumi ya taka ta.
Ƙunar nan kuwa wutar bukkarmu ce.
Ita muka fara fiddawa, kafin hatsi,
uwata ba ta yafe wannan ba har ta koma."

Na duba rajista, gurbi huɗu ne dai.
Babu na kunci, babu na kura,
babu inda ake sa fushin tsohuwa.

Na rubuta takwas.
Na ɗaura mata kwali a wuya,
na jingine ta a bango cikin 'yan'uwanta goma sha ɗaya,
kowace da bakinta a sama.

Ya dangwala babban yatsa, ya goge tawadar a hula.
Ya kai bakin ƙofa, ya juyo.
Na ɗauka ita zai yi wa sallama.
"Buhun," ya ce, "na aro ne."