Baki da Kunne

A Garin Malam famfo ba ya cika alkawari.
Sai dare ya raba yake tari,
ya tofa iska, ya tofa tsatsa,
sannan ruwa, in ya ga dama.
Tankinmu na bisa soro,
kuma tun ran da tsani ya zame da Mutari
ba mai son hawa ya leƙa cikinsa.

Shi ya sa nake zaune da ordinatar aro,
ina jan tubali da yatsa ɗaya.
Rawaya na cewa "idan",
shuɗi na riƙe da lissafi,
kore na ajiye amsa.
Kowanne da ɗan haƙorinsa da ɗan gurbinsa.
In ba su dace ba, ba sa kamawa,
in sun dace sai ka ji ƙas.

Baba Kiyari, da ya gina rabin layinmu da laka,
ya ɗora haɓa bisa sanda yana kallo.
Ya ce, Cima, wane irin gini ne ba kwaɓi?
Tubalin da bai ɓata riga ba
ai ba zai ɗauki azara ba.

Na ce, Baba, saura ƙofa.
Na jawo tubalin Bulutut na ajiye can ƙasa.
Shi ba a ganinsa a fuskar waya,
kamar tushen katanga.

Na danna "nema". Shiru.
Ashe ban roƙi izini ba,
waya ma ba ta shiga gidan mutane ba sallama.
Na ƙara tubali guda, na sake dannawa,
sai ga sunaye sun jeru:
rediyon Lawali mai kabu-kabu,
abin kunnen wata da ta kira kanta Tauraruwar Zango,
can ƙarshe, ɗan guntun ƙarfen jika uku
da na ɗaure da roba a gindin tanki.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
sirrin da duk duniya ta sani.
Jar fitilarsa ta bar ƙyafta ido.
Sun gaisa.

Amma gaisuwa ba zance ba ce.
Kwana uku gurbin lamba fayau.
Kuran ya tafi, ya dawo, ya tafi.
Na rushe gini na sake ɗorawa,
na zargi yaron Kasuwar Dole da ya sayar mini,
na zargi zafin bazara,
na zargi kaina.

Baba ya ce, siraran igiyoyin nan biyu fa?
Na ce, wannan baki ne, wannan kunne.
Ya ce, to ina suka nufa?
Na duba.
Na haɗa baki da baki, kunne da kunne,
kamar dangi ranar rabon gona.

Na sauya su.

Talatin da bakwai.
Ruwa ya faɗi tsayinsa da kansa
ba wanda ya taka tsani.
Mutari ya ɗingiso ya karɓi wayar ya ƙura mata ido.
Inna ta ce, to a bar wanki sai gobe.

Na shiga ɗaka da murna, lamba ta mutu.
Na fito tsakar gida, ta farfaɗo.
Na koma, ta mutu.
Katangar Baba ce, kaurinta kamu biyu,
damina hamsin ba ta ratsa ta ba
balle saƙon da ko nauyin ƙuda bai kai ba.

Ya shafa ta da tafin hannu,
dariya na girgiza masa kafaɗa.
Ya ce, wannan kuma, ja shi da yatsa mu gani.

Yanzu tabarmata na bakin taga.
Ƙarfe uku na dare, gari ya yi tsit,
famfo ya gyara murya.
Talatin da takwas.
Ina ji Baba ya juya bisa gadonsa.
Ya ce, nawa?
Na ce, talatin da tara.