Akwatin Kwali a Kajaani

Ranar da akwatin ya iso gidan waya
rana ko leƙowa ba ta yi ba.
Ƙarfe uku, duhu ya riga ya shimfiɗa tabarma a Kajaani.
Veikko ya saɓo shi a kafaɗa,
ni ina biye, ciki a gaba,
ina taka ƙanƙara kamar mai taka ƙwai.

A tsakar ɗaki muka buɗe.
Rigar sanyi mai kauri, hannu da ƙafa a haɗe,
buhun barci, huluna,
safar da babban yatsana ya cika ta,
ɗan almakashin farce mai dakusasshen baki,
ma'aunin zafin ruwan wanka.
Can ƙasa, katifa, daidai faɗin akwatin.

Na ce, a kwali zai kwana?
Veikko ya ce, haba, ai na sayi gado.
Dare biyu yana ɗaure shi,
kusoshi biyu suka yi saura, har yau ba mu san mazauninsu ba.
Ya sayi injin ɗumama kwalba,
kujera mai lilo da kanta,
da na'urar da ke kawo kukan jariri har kicin.

Kaka Saimi ta zo a bas daga Suomussalmi,
ta dubi kayan ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce uffan ba,
sai ta zaro ƙunshi daga jaka:
ƙyallen auduga ashirin, sun sha wanki har sun yi laushi.
Ta ce, riƙe waɗannan, Onerva.
Na yi godiya, na cusa su bayan kabad.

A Janairu ya zo.
Daren farko a gida ya ƙi gadon,
na biyu ma ya ƙi, da ihu,
gadon ya yi masa faɗi kamar tafki.
Dare na huɗu, ido ya yi ja,
na jawo akwatin kusa da ni, na sa shi ciki.
Ya miƙa ƙafa, ya taɓa bango,
ya yi ajiyar zuciya irin ta tsofaffi,
ya yi barci.

Ƙyallayen kuwa, gani ya kori ji.
Ɗaya a kafaɗa don tumbuɗi,
ɗaya a ƙirji in nono ya zubo,
ɗaya a aljihun kowace riga.
Akwai wanda na share fuskata da shi
ƙarfe huɗu na asuba, ban san dalilin kukan ba.

Ga abin da ba a sa a akwati:
gorar ruwa inda hannu zai kai,
don shayarwa ƙishi gare ta.
Fitila mai raunin haske.
Aune, maƙwabciyarmu ta sama,
da tukunyar miyar kifi,
ta ce, ba ni shi, ki ci da hannu biyu.

Da hantsi ake fitar da shi barci a baranda,
cikin keke, cikin ulu, cikin buhu,
hanci kaɗai a waje, yana fitar da ɗan tururi.
Nan na'urar Veikko ta yi rana.
Ya zauna kusa da ita da kofin gahawa,
yana jin numfashin ɗansa,
yana kallona, wai ko zan ce ya yi gaskiya.
Injin kwalba dai yana cikin ledarsa.

Wata huɗu, ƙafarsa ta fi ƙarfin akwatin.
Ya koma gado, da saurin kusoshi biyu.
Na ninke safar, da hular da ta matse,
na jera su inda ya kwanta,
na rubuta Ilmo a murfin.

Ƙyallayen ban sa su ba.
Saura goma sha bakwai,
kuma haƙori ya fara tsiro.