Haruffa Biyar

A kwalin Aatos na same shi,
ƙarƙashin safar hannu da rasitan haya:
faifai mai tabon yatsa,
an rubuta a kai da biron da ya kusa ƙafewa,
"Jirgin katako. Kar ka taɓa, Ilmari."
Shekara ashirin da shida da wannan gargaɗi,
wata huɗu da rasuwar mai shi.
Na taɓa.

Kwamfutata ba ta da bakin karɓar faifai.
Na taka dusar ƙanƙara har shagon 'yan gwanjo
da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Tampere,
na sayo mata bakin aro, yuro bakwai.
Ta haɗiye, ta yi gurnani, ta yi shiru,
sannan ta ce ba ta san wannan baƙo ba.

Na ce mata ai ɗan gida ne.
Na roƙe ta ta ɗauka shekarar casa'in da takwas muke,
ta rage launukanta zuwa ɗari biyu da hamsin da shida,
ta tsuke allonta kamar tagar kicin.
Ta ce wani fayil ya ɓata.
Na nemo shi, ta ce ƙanensa ma ya ɓata.
Gahawa ta huce sau uku.
Ranar Janairu ba ta zama a garin nan,
ƙarfe uku da rabi ta tattara ta bar ni da fitila.

A dare na biyu wasan ya buɗe,
sai dai sabon inji ya fi ƙarfinsa:
kafin yatsana ya sauka kan maɓalli
jirgin ya ratsa tafki, ya daki dutse, ya nutse.
Na yi ta dariya ni kaɗai
har maƙwabciya ta buga bango.
Shi ma haka ya yi mini,
wayar na ringi, ina neman inda na ajiye ta.

Sai na gina ƙaramar kwamfuta a cikin babbar,
ɗaki a cikin ɗaki.
Na zuba mata tsohuwar manhaja,
na yi wa agogonta dabaibayi,
na shara mata ƙarya cewa duniya na nan inda ta bar ta.
Ta yarda.

Sauti ya fito a shaƙe kamar mai mura,
ƙahon jirgi sau biyu,
ga ruwa shuɗi mai kusurwa-kusurwa,
ga jerin gwanaye a gefe, bai goge ba:
AATOS, dubu arba'in da takwas da ɗari biyu da goma.
Ƙasa da shi AATOS. AATOS kuma.
Can a na tara, ILMAR,
don haruffa biyar kaɗai wasan ke karɓa.
Da guntun sunan nan ya kira ni har ƙarshe,
ni kuwa na manta daga ina ya samo shi.

Vilja ta fito shan ruwa da rigar barci.
"Baba, wa ya fasa ruwan nan?"
Na ce zauna.
Ta kifar da katako sau goma sha ɗaya a daren.
Ranar Asabar ta daina kifarwa.
Lahadi da yamma ina wanke kwanuka
na ji wani dogon ƙaho da na sani daga bayan ƙofa kawai,
ta ƙwala mini kira: "Yana tambayar sunana!"

Dubu arba'in da tara.
Na tsaya da kumfa a hannu.
Gurbi biyar, ɗan layi na ƙiftawa.
Ta dube ni, ta san sunan wanda zai sauka.
Na ce rubuta mana,
da yana nan da ya rantse maguɗi kika yi.
V, I, L, J, A.
Ya shiga daidai, ba a yanke mata ko harafi ba.

Aatos ya koma na biyu,
ni na gangara na goma, a bakin faɗuwa.
Da ta kwanta na kwafe ƙaramin ɗakin a wuri uku,
don na ji ana cewa
wata sabuwar manhajar na tafe a watan Afrilu.