Kwalbar Sa'adu

A hawan Kaltungo motata ke fara magana,
ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.
Fasinjan gaba ya dube ni, ya dubi tudu,
ta baya ta rungume kwandon tumatirinta
tana salati ƙasa-ƙasa.

Da na dawo Gombe, a bakin tasha,
Sa'adu mai faci ya zaro 'yar kwalba
daga ƙasan akwatinsa, kamar mai fito da laya.
Ya ce, "Man 'yan bumburutu ba shi da haƙuri,
ba ya jiran wutar fulogi,
da an matse shi sai ya fashe.
Wannan tana ɗaga masa oktan.
Zuba a tanki, ka ga ladabi."

Dubu huɗu na ƙirga masa,
har da wata tsohuwar ɗari biyar mai faci irin nasa.
Warinta tsakanin fenti da kananzir,
na juye, na girgiza motar da kafaɗa.

Ba zan yi wa kwalba ƙazafi ba.
Ranar na wuce Kumo, na wuce Billiri,
na hau tudun nan shiru,
har na ji fasinja yana tauna gyaɗa.
Sai na sayi ta biyu. Sai ta uku.
Kuɗin cefane ya koma hayaƙin salansa,
Dudu ta daina tambaya, ta rage cokalin manja.

A sati na biyar ƙarar ta dawo da ƙawarta.

Bappah Manga na Pantami bai ce komai ba tukuna.
Ya kwance fulogi, ya ɗaga shi ga rana:
bakinsa ja, kamar haƙorin tsohon maci goro.
"Ga sawun maganinka," in ji shi.
"Ya lallashi mai, gaskiya ne,
amma tayimin ɗinka ya goce tun damina,
kan fistin kuma baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.
Ka toshe bakin mai ciwo, ka ce ya warke?"

Wuni guda, dubu bakwai, da ƙosan yaransa.

Yanzu gidan mai nake bin layi, ko zan kai azahar.
Rabin kwalba na nan a aljihun mota,
tsakanin takardu da tsinken sakace,
ban zubar ba, ban kuma zuba ba.
In na doshi hawan Kaltungo
nakan kashe rediyo,
in karkata kunne.