Daren Kwashe Kaya

Takardar ta zo ran Talata, da dala aka rubuta ta.
Hajiya Lantana ta buga lissafi sau uku,
ta cire tabarau, ta ce, "Tanimu,
hayar bana ta fi fanshon mutum arba'in.
Sunayen namu ne, makullin na wasu."

Shekara goma sha ɗaya muna haya a rumbun kamfani,
mu ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa a Kakuri,
inda injuna suka yi shiru tun ina firamare,
ciyawa ta leƙo ta tagar ɗakin rini.
Abin da ya rage na masaƙar nan kaf
yana cikin akwati mai fanka ƙarƙashin teburina:
suna dubu tara da ɗari shida da biyu,
wanda ya saƙa, wanda ya rina, wanda inji ya ci wa yatsa,
da haƙƙin da kowa ke bi har yau.

Na ce akwai wani rumbu, aikin gayya ne,
waɗanda ba su san juna ba suka ɗora shi,
kowa ya kawo tubalinsa ya wuce,
ƙofa a buɗe, kana iya duba har tushen gini.
Baba Jatau ya murza hula:
"Araha ba ta ado, yaro.
In ya rushe, wa za mu kama?"
Na ce, "Ni."
Bakina ya riga hankalina.

Daren Juma'a muka fara kwashe kaya.
Na yi kwafi uku, ɗaya na ba Kyauta,
ta ƙulle shi a bakin zani kamar kuɗin cefane.
Ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari, ya yi gardama, ya kama.
Sauron kogi ya zo duba aiki.
Layi bayan layi suna hayewa
kamar motocin safe a kan gada, masu nufin Kawo,
ina ƙirga, Kyauta na ƙirga.

Da asuba suka iso, amma ba lafiya lau ba.
Duk mai ƙugiya a sunansa ya yar da ita a hanya:
Ɗanladi, Ƙasimu, Ɗantani,
kowa da alamar tambaya a goshi,
suna tambayata su wane ne.
Rana da wata sun yi musayar kujera,
wani Bitrus ya yi ritaya kafin a ɗauke shi aiki.
Babu lambar da zan buga in yi faɗa.
Na buɗe bayanin da magina suka bari a fili,
na karanta da ido ja.
Laifina ne: ban gaya wa sabon gida irin baƙaƙenmu ba.

Muka share, muka sake daga farko.
Kyauta ta fita neman ƙosai.

Hantsi ya yi, ƙugiya ta koma kan kowa,
sai dai lissafi ya ce dubu tara da ɗari shida da ɗaya.
Mutum guda ya rage a bakin ƙofa.
Awa biyu muna bin sahu.
Baba Jatau ne.
Gurbin ranar haihuwarsa fayau yake,
ni kuma na kafa dokar kada a shiga ba ranar haihuwa.
Doka tawa ce, na sassauta ta da hannuna,
ban nemi izinin kowa a ƙetaren teku ba.

Ran Litinin ya zo da sandarsa ya ce a nuna masa.
Na juya allo. Ya bi sunansa da yatsan da ya rage,
ya ce, "Shekarar fari aka haife ni, rubuta haka."
Na ƙara masa gurbi, na rubuta.

Sannan na sunkuya na kashe tsohon akwati.
Fankar ta ɗan juya, ta tsaya.
Ya saurara, ya ce irin wannan shirun ya san shi.
Hajiya Lantana kuwa ta ninke takardar dala,
ta tokare ƙafar teburin da ke rawa.