La'adar Fanka Ashirin da Huɗu

Ranar da na manna takarda a ƙofar shago a Alaba,
kafin azahar mutum goma sha ɗaya
sun tsaya min a ka kamar masu bin bashi,
har da mai digiri, takalminsa ya sha taɓon Ojo.

Na miƙa wa kowa fanka mai caji,
na ce, "Ni baƙo ne, ba ni da niyya. Sayar min."
Mai digiri ya karanta min jikin kwali.
Morenike ta dubi gumin goshina ta ce,
"Oga, jiya da aka ɗauke wuta, ka runtsa?"
Ita na ɗauka.

Isiyaku ban gwada shi ba.
Waya aka yi daga Gumel, kuma yayata ce ta kira.
Sai dai ko kwabo ya tsinta a bakin kanta
zai ajiye min shi a kan littafi.

Na yanka musu albashi kai ɗaya,
kowace fanka kuma ɗari biyar ga wanda ya sayar.
Na zaci na kashe gardama,
ashe reno na ɗauko.

Ran Talata wani dattijo mai makaranta ya shigo.
Awa biyu Morenike tana kunnawa tana kashewa,
ta kwance batir, ta mayar,
shinkafarta ta sandare a leda.
Ya ce zai yi shawara.
Ran Laraba ruwa ya cinye titi,
tana maƙale cikin danfo a Iyana-Iba,
dattijo ya dawo da mota.
Isiyaku ya rubuta rasit: ashirin da huɗu.

Yau wata ya ƙare. Na ja ƙofa rabi.
Ita tana goge kantar da ta goge ɗazu,
ba ta ce kura da shan bugu ba,
amma tsumman yana faɗa.
Shi yana kallon ƙasa.
Na san wa ke jiran saƙonsa a gida,
cikinmu ɗaya da ita.

Ni ma na yi tsaron shago.
Shekara bakwai a Agege wurin Alhaji Mamuda,
ladana tuwo, da sabulu, da "baɗi in sallame ka".
Baɗi ta zo ta tarar an binne shi.
'Ya'yansa suka ba ni kuɗin mota da addu'a.
A bakin layin dogo na yi rantsuwa a ranar,
ban san haya ba tukuna,
ban san man janareto ba,
da kuɗin ƙungiya, da mai rasit ɗin da ba ya dariya,
da dala mai tashi tun kafin liman.

Dubu goma sha biyu.
In na raba biyu, kowa zai tafi da rabin fushi.
In na bi rasit, gobe ba mai ɓata yawu kan baƙo.
In na bi yawu, za a ji a Gumel kafin isha'i.

Na ƙirga sha biyu a ambulan ɗinta,
na ƙirga sha biyu a nasa,
na soke gyaran rufin da ke ɗiga kan kwalaye.
Bokiti bai gaji ba.

Isiyaku ya sa aljihu bai duba ba.
Morenike ta ƙirga a gabana, sau biyu,
tana lasar yatsa.
Ban ji haushi ba. Da na iya haka a Agege.

Na ɗauko biro, na ja sabon layi a littafi,
na rubuta a samansa: wa ya fara tarar baƙo?